Aikatau da ƴan rakiyarsa: littafin aikin zaurenmu na Ingilishi

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Yau na yanka kwali. Kwalin sukari ne guda uku da mai shagon bakin layinmu ya ba ni, na fitar da kati 120 daga cikinsu, kowanne bai fi tafin hannu ba. A fuskar kowane kati aikatau ɗaya na Ingilishi zai zauna, da ƙaramar kalmar da ke bin bayansa, da jimla ɗaya tak. A bayan katin kuma Hausarsa. In Allah ya yarda, katunan nan su ne za su zama ɗan littafin da nake ta yi wa mutane alkawarinsa tun bara.

Mu goma sha huɗu ne har da ni, Laraba da Asabar bayan la'asar, a zauren gidanmu nan unguwar Birni, cikin Damagaram. Akwai ƴan lise, wato babbar sakandare, su bakwai masu shirin jarrabawar BAC ta kammala ta, da yara biyu masu shirin jarrabawar BEPC ta kammala kolej, wato ƙaramar sakandare, da ɗalibi ɗaya na Jami'ar André Salifou. Sai manya uku: telan unguwarmu, da wata Hajiya ma'aikaciyar jinya, da wani Alhaji mai sarin atamfa daga Kantin Kwari. Shi Alhaji ba don Kano yake neman Ingilishi ba, can Hausa ta ishe shi har ta yi saura. Saƙonnin WhatsApp ne da yake yi da masu kaya na Sin da Dubai suka koro shi zaure.

Abin da ya sa na tsayar da aikin a kan aikatau kaɗai shi ne, yaran nan ba kalmomi suka rasa ba. Tun aji shida, wato shekarar farko ta kolej, ake ba su Ingilishi, kuma sun haddace jerin nan mai layi uku kamar karatun allo: *go, went, gone, take, took, taken*. Ka tashe su tsakar dare za su rera maka. Amma da an ce su haɗa jimla, sai ta ɓalle a daidai ƴan ƙananan kalmomin nan, su *on, at, for, to, of*, ko kuma a wutsiyar *-ing* da *-ed*. Na sa wa ƙananan kalmomin suna ƴan rakiya, don aikinsu ke nan. Wani aikatau ba ya fita gida sai da nasa, wani kuma in ka haɗa shi da ɗan rakiya ka ɓata masa tafiya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na ba su jimla ashirin su cike gurbi, na kwana ina gyara da jan bik. Sai da na jera takardun a kan tabarma sannan na ga abin da na daɗe ina zargi. Kurakuran ba na kowa da kowa ba ne, iri ɗaya ne, kamar daga bakin mutum ɗaya.

*It depends of you.* Mutum tara suka rubuta haka. *I listen the radio. Wait me. He entered in the room. She answered to the question. We discussed about the price.* Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a nan Nijar ya san inda aka samo su. Faransanci ne ya sa rigar Ingilishi. Bafaranshe yana cewa *dépendre de*, sai yaro ya ɗauko *de* ɗin ya mai da shi *of*, alhali Ingilishi *depend on* yake so. A Faransanci *écouter, attendre, chercher, regarder* duk kai tsaye suke faɗa wa abin da suke nema, ba ɗan rakiya. A Ingilishi kuwa kowannensu da nasa: *listen to, wait for, look for, look at*. Sai kuma a juya: inda Faransanci ya sa, *entrer dans, répondre à, obéir à, téléphoner à*, nan Ingilishi ya cire: *enter the room, answer the question, obey your father, phone me*. Kai ka ce da gangan harsunan biyu suka yi don su wahalar da ɗan Nijar.

Wanda ya fi ba ni dariya telan ne. Shi aji uku na firamare ya tsaya, Faransancinsa na cikin cokali ne, amma ya fi ƴan lise huɗu maki. Na tambaye shi yadda aka yi ya san *depend on*. Ya ce, "Mushe (haka ake kiran malamin boko a nan), ai dogara ne. A kan abu ake dogara." Ba ƙa'ida ba ce, dace ne ya yi, amma maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta.

Yaro a nan in zai yi jimlar Ingilishi, tafiya uku yake yi. Ya yi tunani da Hausa, ya juya shi Faransanci, ya sake juyawa Ingilishi. Kamar mai son zuwa Kano ne daga Damagaram ya ce sai ya biya ta Yamai.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na kafa doka: ba Faransanci a zaure. Hausa da Ingilishi kawai. Ƴan lise sun yi gunaguni, wai sunayen nahawu duk da Faransanci suka san su. Na ce su ajiye sunayen a bakin ƙofa tare da takalmansu.

Darasin yau shi ne ya fara nuna mini cewa dokar tana da riba. Ƙa'idar guda ce kuma ba ta da togiya: duk aikatau da ya biyo bayan ɗan rakiya a Ingilishi sai ya ɗauki wutsiyar *-ing*. *Before leaving, after eating, without paying, instead of sleeping, good at drawing, tired of waiting.* Shekara nawa ana faɗa wa yaran nan haka suna rubuta *without to pay*, don Faransanci *sans payer* yake cewa, aikatau tsirara ba wutsiya.

Yau ban faɗi ƙa'ida ba. Na ce wa Hajiya, "Hajiya, in kin gaji da zaman jiran likita, me za ki ce?" Ta ce, "Na gaji da jira." Na rubuta a allo. Na ce bayan an ci abinci fa? Suka ce "bayan cin abinci". Kafin a tafi? "Kafin tafiya." Na ja layi ƙarƙashin jira, da ci, da tafiya, na ce to waɗannan me ye su? Ɗalibin jami'a ya ce sunan aiki. Shi ke nan. Bahaushe ba ya cewa "na gaji da dafa" ya yi shiru, "na gaji da dafawa" yake cewa. Wannan *-wa* ɗin da ke manne a ƙeyar dafawa, kamawa, gyarawa, shi ne ɗan'uwan *-ing*. Har ma aikin biyu da *-ing* ke yi, namu ma yana yi. Muna cewa "tana dafawa", muna kuma cewa "dafawa ta fi soyawa sauƙi", siffa ɗaya a wuri biyu, kamar *she is cooking* da *cooking is easy*.

Wata yarinya ƴar aji na ƙarshe, wadda ba ta barin magana ta wuce ta, ta ɗaga hannu. Ta ce ai muna cewa "kafin in tafi" ma, ba sai "kafin tafiya" ba. Gaskiyarta. Ingilishi ma yana da hanyar biyu, *before I go* da *before going*. Amma sai ta zarce ta ce to "ba tare da ya biya ba" zai zama *without he pays* ke nan. A nan na tsayar da ita. *Before* da *after* suna karɓar jimla sukutum, *without* ba ya karɓa. Na rubuta mata kati na musamman: *He left without paying.* Ta karɓa tana murguɗa baki.

Kati 31 sun cika.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Alhaji ya zo da salularsa a hannu, ransa a ɓace. Wai na ce masa ya rubuta *I look forward to hearing from you* a ƙarshen saƙo, ga shi mai kayansa na can ya rubuto masa *to hear*. To wa zai bi? Na ce Alhaji, shi ma mai kayan koyo ya yi kamar ka, ba a gidansu aka haifi harshen ba.

Tarkon a nan yake. *To* iri biyu ne masu kama ɗaya. Akwai wanda alama ce kawai ta aikatau, kamar a *I want to go*. Akwai kuma wanda ɗan rakiya ne na gaske, kuma shi dokar *-ing* tana hawa kansa kamar kowa. Hanyar gane su da na ba su: cire aikatau ɗin, ka sa suna a gurbinsa. In jimla ta tsaya da ƙafarta, ɗan rakiya ne. *I look forward to the holiday* ta tsaya, saboda haka *to seeing you*. *I want to the holiday* ta faɗi, saboda haka *to go*. Haka *object to paying*, haka *confess to stealing*.

Muka daɗe a kan *used to*, don shi ne mai fuska biyu na ainihi. *I used to walk to school*, da can da ƙafa nake zuwa lakwal, yanzu na bari. *I am used to walking*, na saba da tafiyar ƙafa. Hausa ta raba su tsaf, kuma "da" ɗin da ke cikin "saba da" shi ke tuna maka cewa suna ne zai biyo baya. Na ce kowa ya yi jimla da abin da ya saba da shi. Shida a cikinsu ba tare da sun haɗa baki ba suka rubuta a kan jiran ruwa a bakin famfo. Ɗan Damagaram ke nan. *We are used to waiting for water.* Jimla ɗaya, ƴan rakiya biyu, duka daidai. Ita na sa a katin.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Ba a yi karatu ba, ana zaman makoki a gidan maƙwabta. Na shanya katunan da na shafa wa gam a tsakar gida, akuyar Inna ta cinye tara, ciki har da *apologise for* da *insist on*. Inna ta ce ai kwalin sukari ne, laifin wa? Na sake rubuta su. Daga yau a cikin gwangwanin madara suke kwana.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Mako biyu muna kan siffofin da ake cirowa daga aikatau, kuma a nan ne na fi jin daɗin aikin tun da aka fara.

Wani yaro ne ya buɗe mana ƙofar. Na ga yana hamma, na ce da Ingilishi me ya faru. Ya ce, *I am boring, Mushe.* Na ce wallahi ka faɗi gaskiya, amma ba ita ka yi niyya ba. Ya so ya ce zaman ya gundure shi, sai ya ce shi mutum ne mai gundurar jama'a. Aka yi ta dariya har masu wucewa suna leƙowa.

Wutsiyar *-ing* a irin waɗannan ta mai jawo abin ce, wutsiyar *-ed* ta wanda abin ya faɗa wa. Hausa tana da su duka biyu, kuma ba ta taɓa rikita su. Kura mai ban tsoro ce, *frightening*, yaro kuma a tsorace yake, *frightened*. Aiki mai gajiyarwa, *tiring*, ɗan dako gajiyayye, *tired*. Labari mai ban sha'awa, *interesting*. Na ce duk inda za ka sa "mai ban" ko "mai sa", to *-ing* ne. Tun daga ranar ban sake jin *I am interesting in football* ba, sai dai *interested by* ya ƙi mutuwa, shi ma gadon *intéressé par* ne. *In* ake so.

Layi na uku na jerin da suka haddace, su *broken, written, stolen*, yawancinsu sun ɗauka amfaninsa ɗaya ne, a haɗa shi da *have*. Ba su san shi ne dafaffe da soyayye da karyayye na Ingilishi ba. Dafaffen ƙwai, *a boiled egg*. Karyayyen kujera ba a cewa, karyayyiyar kujera, *a broken chair*, kuma nan na tuna musu cewa Ingilishi ya fi mu sauƙi, don shi ba ruwansa da mace ko namiji ko jam'i. Mu kuwa dafaffe, dafaffiya, dafaffu.

Sai wata siffar tamu da nake ganin babu wanda ya taɓa nuna wa yaran nan ita a matsayin nahawu, ta "a kulle, a buɗe, a ɗaure, a zaune". Na tarar da shago a kulle, *I found the shop locked*. Ka bar ƙofa a rufe, *keep the door closed*. Na same shi a zaune, *I found him sitting*. Na ƙarshen ya ɗan karkace, don shi mutum da kansa ya zauna, ba zaunar da shi aka yi ba, shi ya sa ya koma *-ing*. Shagon kuwa wani ne ya kulle shi. Tambayar da za ka yi ke nan kullum: shi ya yi, ko yi masa aka yi?

Da muka zo kan *have something done*, tela ya karɓe darasin. Ya ce duk Sallah mutane suna cewa "na ɗinka riga", alhali ko zare ba su iya sa wa allura ba, shi ne ke kwana a kan keke. Na ce to Ingilishi yana bayanka. In mutum ya ce *I sewed a gown*, da hannunsa ya ɗinka. In kai ya kai wa, dole ya ce *I had a gown sewn*, na ba da an ɗinka mini. Tsarin shi ne *have* ko *get*, sai abin, sai layi na uku. *I had my phone repaired. She got her hair plaited.* Tela ya ce a rubuta masa wannan da manyan baƙaƙe zai manna a shago.

Asabar, 13 ga Disamba

Sanyi ya sauko, hazo ya rufe gari, mun koma fara karatu da wuri. Mutum uku sun daina zuwa, biyu ƴan lise da ɗaya daga cikin ƴan BEPC.

Na tura ƙaramin cikinsu ya tsallaka titin ƙofar gida, sauran suna kallo daga zaure. Da ya kai tsakiya na ce me kuke gani? "Mun gan shi yana tsallakawa." Da ya kai can gefe, "mun ga ya tsallaka." *We saw him crossing. We saw him cross.* Minti biyar aka gama abin da littafin lakwal ke ba shafi guda. Haka *hear* da *watch* da *feel* suke yi, kuma ba a sa *to* a tsakani.

*Stop smoking* da *stop to smoke* ma ba su ba da wuya ba: daina shan taba, da tsayawa don a sha taba. *Remember to lock* da *remember locking*: ka tuna ka kulle, da na tuna na kulle. Amma jerin su *enjoy, avoid, finish, mind, suggest* masu son *-ing*, da su *want, decide, hope, refuse, promise* masu son *to*, na nemi dabarar Hausa da za ta raba su na rasa. Akwai masu cewa na *to* gaba suke kallo, abin da bai faru ba tukuna. Yana taimakawa a wasu, amma *avoid* da *suggest* ai su ma gaba suke kallo. Waɗannan sai hadda. Na faɗa musu haka ƙiri-ƙiri, gara su sani da in sayar musu da ƙa'idar da za ta yashe su a ɗakin jarrabawa.

Asabar, 3 ga Janairu 2026

Hutun ƙarshen zango. Na ɗauki gwangwanin katunan na hau kabu-kabu zuwa unguwar Zango wajen tsohon malamina na Ingilishi, wanda ya koyar da ni a kolej, yanzu ya yi ritaya idonsa ya yi rauni. Na tarar da shi a kan kujerar roba yana shan hantsi, rediyo a cinya. Na durƙusa na gaishe shi, aka kawo shayi, na riƙa karanta masa katunan ɗaya bayan ɗaya.

Bai katse ni ba sai da na zo kan su *give up, put off, eat up, come out*. Ya ce, "Yaro, ka haɗa awaki da tumaki a garke ɗaya." Na ce Malam, ina saurare. Ya ce *look after* daban, *turn off* daban, ko da yake a ido duk aikatau ne da ƙaramar kalma. Na farko ɗan rakiyarsa ba ya rabuwa da shi: *look after the child, look after him*. Na biyu kuwa ana iya shiga tsakaninsu: *turn off the radio, turn the radio off*, kuma in wakilin suna ne, tilas ya shiga tsakiya, *turn it off*, ba a taɓa cewa *turn off it*. Na san wannan, amma a katunan ban raba ba, duk na kira su ƴan rakiya. Ya ce in sa wa kashi na biyu wata alama. Yanzu akwai jan ɗigo a kusurwar duk katin da ake iya raba shi.

Ni ma na kawo masa tawa. Na ce Malam, ni a ganina abin da Ingilishi ke yi da waɗannan ƙananan kalmomi, Hausa a cikin wutsiyar aikatau take yinsa. Ci da cinye, *eat* da *eat up*. Sha da shanye, *drink* da *drink up*. Fita da fito, *go out* da *come out*. Shiga da shigo. Wasalin *-o* yana jawo aiki zuwa wajen mai magana, *-e* yana ƙarasa shi kakaf. Ya yi shiru, ya ce ai wannan shi ne abin da Baturen nan Parsons ya tsara tun 1960, ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai, na *-e* shi ne na huɗu, na *-o* na shida. Ya ce shekara talatin yana koyarwa bai taɓa kawo shi aji ba, don a zamaninsu yaron da aka ji yana Hausa a lakwal hukunci yake sha, balle malami. Yanzu ga shi tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ya yi ƴar dariya ya ce, "Mun tsufa da wuri."

Inda muka saɓa shi ne a kan ko ya kamata a wahalar da yara da waɗannan. Shi yana ganin ɗan Nijar yana da gajeriyar hanya: tun da Normandawa suka ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci suka cika Ingilishi, saboda haka yaro ya ce *continue* ya huta da *go on*, ya ce *tolerate* ya huta da *put up with*, ya ce *enter* ya bar *go in*. A takardar BAC wannan zai fishshe shi, ban musa ba. Amma Hajiya da ke son karanta takardar magani, da Alhaji da ake rubuto wa *send it back* da *pay off*, su ba zaɓin kalma suke yi ba, abin da aka jefo musu shi za su cafe. Ban ce masa haka da ƙarfi ba. Malami ne.

Da zan tafi ya ƙara mini wani abu da ban sani ba. Wai a tsohon Ingilishi wutsiya biyu ce, *-ende* ta mai cikin yin aiki, da *-ing* ko *-ung* ta sunan aiki, daga baya suka narke suka zama ɗaya. Na duba da na dawo gida, haka ne.

Laraba, 21 ga Janairu

Na yi ta yabon Hausa a littafin nan, to yau ranar faɗin laifinta ce. Tun da na hana Faransanci, wasu kurakuran sun ragu, wasu sababbi sun tsiro, kuma waɗannan daga gida suke.

*The man I spoke to him is a doctor.* Wannan Hausa ce tsantsa: mutumin da na yi magana da shi. Mu ba ma barin "da" a rataye, sai mun ba shi wakilin suna ya riƙe. Wuƙar da na yanka da ita, gidan da muke kwana a cikinsa. Ingilishi kuwa yana barin ɗan rakiya shi kaɗai a ƙarshe ba kowa a gabansa: *the man I spoke to, the knife I cut it with, what are you looking for?* Yaran suna jin jimlar kamar ba ta ƙare ba, sai hannunsu ya ƙara *him* da kansa. Yarinyar nan mai gardama ta ce wani malaminsu ya ce haramun ne a ƙare jimla da ɗan rakiya. Na ce wannan tsohuwar rigima ce, tun 1672 wani mawaƙin Ingila John Dryden ya soki yin haka, masu son Ingilishi ya yi kama da Latin suka ɗauka suka yi ta yaɗawa, amma masu harshen ba su fasa ba ko rana ɗaya. Har a jimlar da ba a faɗi mai aikin ba ɗan rakiya yana nan a ƙarshe: *he was laughed at*, an yi masa dariya, *the child was looked after*.

Na biyu shi ne "mini". Ba ni, faɗa mini, bayyana mini, duk hanya ɗaya a wajenmu. A Ingilishi *give me, tell me, show me, send me* sun halatta, amma *explain me* da *say me* da *suggest me* ba su halatta ba, sai *explain it to me, say it to me*. A nan Hausa da Faransanci bakinsu ɗaya, sun taru sun kayar da yaro, shi ya sa kuskuren ya fi kowanne taurin kai. Ni kaina na kama bakina da *explain me* sau ɗaya a gaban allo, Hajiya ta ce, "Mushe, a sake." Na sake.

Na uku, masu ɗaukar mutum sannan ɗan rakiya sannan *-ing*: *prevent him from going, accuse him of stealing, thank her for coming, congratulate them on passing*. Mu "hana shi tafiya" muke cewa, ba komai a tsakani, sai *from* ɗin ya zube. "Zarge shi da sata" kuma yana haifar da *accuse him with*. Wato "da" ɗinmu guda ɗaya, a Ingilishi ya rabu gida biyar ko fiye. Na ware wa "da" shafi nasa shi kaɗai a cikin littafin: gaji da, *of*, saba da, *to*, gamsu da, *with*, damu da, *about*, bambanta da, *from*.

Asabar, 7 ga Fabrairu

Kati 104 sun kammala, 16 sun rage. Na fara buga su a kwamfutar ƙanena, na kai shafi 22. Na kai shafi biyar wani shagon fotokofi don gwaji, da aka fitar sai duk ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suka koma ƴan akwatuna, "ƙofa a ɗaure" ta zama abin da ba ya karantuwa. An ce in mai da fayil ɗin PDF kafin in kawo. Dala arba'in ta tafi a banza.

Abin da ban taɓa ba tukuna shi ne jimla mai farawa da *-ing* ko layi na uku, irin *Walking home, I met my uncle* da *Having eaten, we left*. Na gwada ranar Laraba, yaro ya rubuta *Walking to the market, a dog bit me*, wato karen ne ke tafiya kasuwa. Ƙa'idar ita ce mai aikin farko shi ne dole ya zama mai aikin babbar jimlar. Hausar da ta fi kusa ita ce "ina cikin tafiya sai", amma ita tana faɗin mai tafiyar tun farko, shi ya sa ba ta da wannan ramin, kuma ba ta nuna wa yaro inda yake. Ƴan BAC suna bukatarsa don yana fitowa a nassin karatu. Alhaji da tela ba sa bukata. Ina tunanin in mai da shi rataye a ƙarshen littafin.

Azumi ya rage ƙasa da mako biyu. Mun yi shawara, Laraba za a ajiye ta sai bayan Sallah, Asabar kuma ta koma da hantsi. Tela ya ce kada a sa ran ganinsa ko ɗaya, ɗinkin Sallah ya riga ya fara taruwa. Na ba shi kati goma sha biyu masu jan ɗigo ya tafi da su shago, da sharaɗin ya dawo da su cif, ba tabon man keke.